Yaushe Ake Fara Ƙirga Wa Mai Faifai? Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasan Altimet a Jidda

Mu da ke haɗuwa wasan altimet firisbi, wato wasan jifa da cafe faifan roba tsakanin ƙungiyoyi biyu, a Jidda daren Alhamis da na Juma'a mun san babu abin da ke jawo cacar baki a fili kamar ƙirga. Sabon zuwa ya kan iya jifa cikin 'yan makonni, musamman ɗaliban da suka saba da ƙwallon ƙafa, amma ƙirga ta kan daɗe tana ba shi wuya, kuma tsofaffin hannu ma ba su tsira ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi. Amsoshin sun bi dokokin WFDF, hukumar wasannin faifai ta duniya, wadda aka kafa a 1985 kuma Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba ta cikakkiyar amincewa a 2015. Inda dokar Amurka ta saɓa, zan faɗa.

Mece ce wannan ƙirga, kuma me ya sa abokin hamayya ne ke yin ta?

A altimet ba a gudu da faifai a hannu. Wanda ya cafe sai ya tsaya, ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya nemi wanda zai jefa wa. Da babu iyaka, da sai ya riƙe faifan har gari ya waye. Don haka ɗan ɗaya ƙungiyar da ke tsaye a gabansa, wato mai tsaro, sai ya ce "sitolin", kalmar Turanci da ke sanar da fara ƙirga, ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma da muryar da mai jifa zai ji. Idan ya fara furta "goma" faifai bai bar hannu ba, faifai ya koma hannun masu tsaro a wurin.

Tun da ɗaliban wata sakandare, Columbia, a garin Maplewood na jihar New Jersey suka ƙirƙiro wasan a 1968, 'yan wasa ne ke yi wa kansu alƙalanci, kuma har yau haka ake yi a gasannin WFDF. Ma'ana agogon da zai iya ƙwace maka faifai yana bakin mutumin da yake son ya ƙwace. Amana ce aka ba shi. Duk sharuɗɗan da ke ƙasa an sa su ne don kada amanar ta zama makami.

To yaushe ne mai tsaro ke da ikon farawa?

Sai abu uku sun haɗu. Wasa yana gudana, ba a tsayar ba. Mai tsaro yana cikin mita uku daga inda mai jifa ya kafa ƙafa. Sannan duk masu tsaro suna tsaye yadda doka ta yarda, babu wanda ya zo yi wa mai jifa taron dangi, shi kansa mai tsaron bai matse shi fiye da kima ba. Idan ɗaya ya ɓace, ba a farawa, in kuma an riga an fara, ba a ci gaba.

Abokina ya jefo mini, na cafe ina cikin gudu. Ba sai na tsaya tukuna za a fara ƙirga mini ba?

A'a. Nan ne masu kai hari suka fi yin kuskure. Da zarar faifai ya zauna a hannunka daga jifan ɗan ƙungiyarku, mai tsaron da ke cikin mita uku yana iya cewa "sitolin, ɗaya". Ba ruwansa da cewa kana rage gudu. Ko ka yi tsalle ka zube a kan ciyawar roba, kana kakkaɓe ɓurɓushin baƙar robar da ya manne maka a gwiwar hannu, ƙirga tana tafiya. Ko gudu ya kwashe ka ka ƙetare layi bayan ka cafe a ciki, mai tsaro zai tsaya a inda ya kamata ka dawo ka kafa ƙafa, ya ci gaba da ƙirgarsa.

Akwai rangwame ɗaya, kuma a filayenmu yana da muhimmanci. Filin gasa mita 100 ne a tsawo, 37 a faɗi, da sarari bayan layi. Mu kuwa yawanci ƙaramin filin ƙwallo muke haya da awa, ragar waya tana dab da layi, ga turakun raga, ga jakunkuna da robobin ruwa a gefe. Idan mutum ya cafe ya kauce wa ƙarfe ko ya bugi waya, bayanin dokar ya ce a ba shi lokacin da zai dawo hayyacinsa kafin a ƙirga. Wannan ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne. Kada wani ya ga ɗan'uwansa yana dafe da kafaɗa a jikin waya ya ce "sitolin".

Yaya, in haka ne, me ya sa aka hana ni ƙirga wa wanda ya tare jifanmu a sama?

Saboda wannan wani hukunci ne daban. Idan faifai ya sauya hannu daga ƙungiya zuwa ƙungiya, ko ta hanyar tarewa a sama, ko faɗuwa ƙasa, ko fita waje, ba a ƙirga wa sabon mai faifai sai ya kafa ƙafarsa a inda ya dace. Wanda ya tare jifanku yana cikin gudu, ka bi shi, ka tsaya a gabansa, amma bakinka a rufe har ya tsaya ya kafa ƙafa.

Rabin gardamar da ake yi a filinmu daga cuɗa waɗannan biyun take. Ka tambayi kanka abu ɗaya kafin ka buɗe baki: daga hannun wa faifan ya zo masa? In daga nasu ne, ƙirga nan take. In daga namu ne, jira ƙafa.

Faifai yana ƙasa, su kuma suna tafiyar hawainiya don 'yan wasansu su shirya. Haka za mu zuba musu ido?

Ba haka ba. Bayan faifai ya sauya hannu, dole wani daga cikin masu kai hari ya nufe shi kai tsaye, da saurin tafiyar ƙafa ko fiye. Ban da wannan akwai wa'adi. Idan faifai ya tsaya a tsakiyar fili, suna da sakan 10 daga tsayawarsa su kafa ƙafa. Idan a gidan ci ya tsaya, wato ɗaya daga cikin yankuna biyu masu zurfin mita 18 a ƙarshen fili, sakan 20 ne.

Sai dai ba a yi musu kwanton ɓauna. Mai tsaro zai yi gargaɗi da murya, ko dai ya sanar cewa ana ɓata lokaci, ko ya riƙa faɗin sakan nawa suka rage kowa yana ji. Idan bayan gargaɗin suka ci gaba da jan ƙafa, to a nan ne kaɗai yake da ikon fara "sitolin, ɗaya" alhali faifai yana kwance a ƙasa, in dai yana cikin mita uku daga wurin. Wanda ya ƙirga goma a zuci bai gaya wa kowa ba, sannan ya ɓarke da ƙirga, bai bi doka ba.

Na kan ga mutum ya zo ya tsaya a kan faifai, hannu a ƙugu, yana nuna wa abokansa inda za su tsaya, yana jin tunda bai ɗauka ba babu mai taɓa shi. In kana cikin wa'adi ba laifi ka ja numfashi, don zafin Jidda da gumin damshin teku ba sa raga wa kowa ko bayan Isha'i. Amma wa'adin na nan yana cinyewa.

Idan iska ta kwashe faifan ya ƙetare waya fa?

Sakan 10 da 20 ɗin nan na faifan da bai fita waje ba ne. Wanda iskar Bahar Maliya ta ɗauke ya faɗa bayan shinge, sai an ɗauko shi, ko a miƙo wani daga gefe, a kai shi inda ya fita, mai jifa ya kafa ƙafa a kan layi, sannan ƙirga. Abin da ake nema kawai kada mai ɗaukowa ya yi nawa da gangan.

Jifan buɗewa fa, wanda ake fara kowane maki da shi?

In ya sauka a fili ya tsaya, sai an ɗauka an kafa ƙafa. In ya fita waje ba tare da ya taɓa fili ko ɗan wasan da ake jefa wa ba, masu karɓa suna iya ɗaga hannu sama su ce "birik", su kai shi alamar da ke mita 18 daga layin gidansu. Duk tsawon tafiyar nan wasa a tsaye yake, babu ƙirga. Haka ma wanda ya ɗauki faifai a gidansu bayan ya sauya hannu, ya zaɓi ya tako da shi zuwa layin gida: mai tsaro zai jira shi a can, ba zai raka shi da lambobi ba.

Daga ina ake auna mita ukun?

Daga inda ƙafar mai jifa take kafe a ƙasa, ba daga faifai ba, ba daga hannunsa da ya miƙa ba. Kusan manyan taku uku ke nan. Ku gwada da awo sau ɗaya a gefen fili, za ku ga ya fi kusa da yadda ido ke nunawa a cikin wasa.

Laifin da ya fi yawa shi ne na mai tsaron da aka bari a baya. An tsere masa, an cafe, yana tafe a guje daga mita shida ko bakwai yana "sitolin, ɗaya, biyu", kafin ya iso ya kai uku. Waɗannan ukun ba nasa ba ne. Sai ya shigo cikin da'irar sannan ya fara daga ɗaya. Kuma in yana cikin ƙirga ya ja da baya ya wuce mita uku, alal misali don ya tare wani mai gudu, ƙirgarsa ta rushe, in ya dawo sai sabuwa.

Na kai shida, abokina ya karɓe ni. Zai ɗora daga bakwai?

A'a, zai fara daga "sitolin, ɗaya". Ƙirga ta mutum ɗaya ce, ba a gadonta. Masu tsaron yanki, wato masu gadin wuri maimakon bin mutum ɗaya, su kula da wannan sosai, domin su uku ne ke kewaya mai jifa. Ɗaya ne kawai zai shiga cikin mita uku ya ƙirga. In na biyu ya shigo ba tare da yana gadin wani ɗan wasa ba, taron dangi ke nan, kuma duk wani mai kai hari yana iya kiran wannan laifin, ba lallai sai mai jifa ba.

Sakan goma ne cif ake ba mai jifa?

A zahiri tara ne. Doka ta ce tsakanin farkon kowace lamba da farkon mai bi mata kada ya gaza sakan ɗaya. Daga ɗaya zuwa goma tazara tara ce, kuma ba a wajabta jira tsakanin "sitolin" da "ɗaya" ba. Sannan ba a jiran a gama faɗin lambar ƙarshe, sautinta na farko ne hukunci. Wanda ya ji "tara" yana da sakan ɗaya tak.

Tunda abin da ke hannun mai jifa bai kai goma ba tun asali, duk abin da aka ƙara gutsure masa zalunci ne. Yawancinmu mu kan fara da natsuwa, ɗaya, biyu, uku, amma daga bakwai sai harshe ya kama gudu kamar ɗan kamasho yana kiran fasinja a tasha, takwas da tara da goma su fito a numfashi ɗaya. Ba mugunta ke kawo shi ba, zumuɗi ne, mutum ya hango ƙwace. Maganinsa a aikace yake: ɗaya ya riƙe agogon waya a gefen fili, kai ka yi tsaro da gaske, hannu a buɗe, ƙafa tana motsi, kana haki, ka ƙirga. In ka kai goma kafin agogo ya nuna 9, ka san inda gyara yake. Wanda ya gwada a tsaye cikin hutu bai gwada komai ba.

Da wane yare za a ƙirga? Muna da Larabawa, 'yan Filifin, 'yan Pakistan, ga mu.

A gasannin WFDF da Turanci ake ƙirga da sauran kiraye-kiraye. A wasan sada zumunci abin da doka ta dage a kai shi ne mai jifa ya fahimci ƙirgar sarai. In mu kaɗai ne, Hausa ta wadatar. In an gauraya, a yi magana kafin jifan farko a tsayar da yare ɗaya. Ba daidai ba ne ka ƙirga wa baƙo da Hausa, bai san "takwas" ba, sai ya ji ka ce faifai ya zama naku. Ni shawarata matasan da ke fatan shiga gasa su saba da ta Turanci tun yanzu, don kada bakinsu ya sarƙe ranar da ake bukata.

Mai tsaro ya fara kafin lokaci, ko yana sauri. Me zan yi?

Ka kira laifin saurin ƙirga da babbar murya. Sunan laifin ya haɗa abubuwa da yawa, ba gudun harshe kaɗai ba: farawa daga nesa, farawa kafin a kafa ƙafa bayan faifai ya sauya hannu, tsallake kalmar "sitolin", ko ɗorawa daga lambar da ba ita ba. Mai jifa ne ke kiran sa. Wasa ba ya tsayawa, abokanka su ci gaba da gudu. Mai tsaro zai koma baya da ɗaya daga lambar ƙarshe da ya gama faɗa: in ya ce "shida" ka kira, sai ya ɗora daga "biyar". In laifin na tsayuwa ne, kamar ya matse ka ko wani ya shigo taron dangi, sai an gyara tsayuwar kafin ya ci gaba.

In bai rage ba, ko ya mayar da abin ɗabi'a, kana da ikon tsayar da wasa gaba ɗaya. Idan ya amsa laifinsa, ƙirga ta koma ɗaya.

Kada ka ji nauyin kira don mai tsaron ya girme ka. Mun taso da kunyar manya, kuma abu ne mai kyau, amma na sha ganin yaro ya yi shiru Alhaji yana zuba masa lambobi, ya jefar da faifai a firgice, sannan ya koma gefe yana ƙunƙuni. Ƙunƙunin nan ya fi kiran ɓata zumunci. Ka kira a kan lokaci, bayan maki ka ce, "Baba, a yi haƙuri, ƙirgar ta ɗan yi sauri." Manyanmu kuma su karɓa da "na ji, na gode", don yara daga gare su suke koyon yadda ake karɓar gyara.

An tsayar da wasa saboda kira. Daga nawa za a ci gaba?

Da farko, ba a ƙirga sai an mayar da faifai cikin wasa. Kowa ya koma inda yake, mai tsaro ya taɓa faifan a hannun mai jifa, sannan ya ce "sitolin" da lambar da ta dace. Lambar kuwa ta dogara da wanda ya yi laifi.

In masu tsaro ne suka yi laifi suka amsa, daga ɗaya. In masu kai hari ne suka yi suka amsa, a ɗora ɗaya a kan lambar ƙarshe da aka gama faɗa, amma kada ta wuce tara. In an yi musu, kowa ya tsaya a kan bakansa, ko kuma kiran na tare wa mai tsaro hanya ne, a ɗora ɗaya amma kada ta wuce shida. Misali, an gama faɗin "uku" aka yi kiran da aka yi musu a kai: a ci gaba daga huɗu. An gama faɗin "takwas": a dawo shida. Bayan hutun da mai jifa ya nema, a ɗora ɗaya har iyakar tara, sai dai in an sauya mai tsaro, to daga ɗaya.

Kiran laifin takawa da faifai daban yake. In mai jifa ya ja ƙafarsa ko ya kafa ta ba a wurinta ba, aka kira, ya amsa, kuma bai riga ya jefa ba, wasa ba ya tsayawa. Ƙirga ce kawai ke dakatawa har ya koma inda ya dace, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ku saba da faɗa wa juna lambar kafin a taɓa faifai. "Za mu shigo a shida, ka yarda?" Kalma bakwai ce, tana kashe gardamar minti biyar, kuma mai fili ba ya ƙara mana ko minti ɗaya in awarmu ta cika.

Ya ce ya kai goma, ni kuma na san faifai ya riga ya bar hannuna.

Ka yi musu, haƙƙinka ne. Idan jifan ya isa hannun abokinka, faifai zai dawo gare ka, a ci gaba daga takwas. Idan jifan bai isa ba, ya faɗi ko an tare, to ko ma wa ke da gaskiya faifai ya riga ya sauya hannu, babu abin da musun zai dawo da shi. Haka nan in saurin ya zo a ƙarshe ƙarshe har ba ka sami zarafin kiran laifi ba kafin ka ji goma, ka faɗa. In ya amsa cewa ya yi sauri, daga ɗaya. In bai amsa ba, daga takwas.

Na ga wasan Amurka a YouTube, ban ji mai tsaro yana ƙirga ba, kuma da wuri ake ƙwacewa.

Wataƙila gasar ƙwararru ta UFA ka kalla, wadda ta fara a 2012 da sunan AUDL. Can akwai alƙalan wasa, su ke riƙe da ƙirga, kuma sakan 7 ne. Dokar USA Ultimate, wadda jami'o'i da kulob-kulob na Amurka ke bi, tana nan a kan goma kuma mai tsaro ke ƙirga, sai dai tazararta ƙafa 10 ce maimakon mita 3, kuma wanda ya tako da faifai zuwa wani wuri sai ya taɓa shi a ƙasa kafin ya jefa. WFDF ba ta wajabta wannan taɓawar ba. Abokan wasanmu da suka yi karatu a Amurka su kan zo da waɗannan al'adun, don haka in ka ga wani ya dangwala faifai a ƙasa a kan layi, ba laifi ya yi ba, kuma ba sai ka jira hakan daga kowa ba kafin ka fara ƙirga. Ƙafa ce abin dubawa.

Muna wasa bayan La'asar, aka kira Magariba muna tsakiyar maki. Ya za a yi da ƙirga?

Mu dai tsayawa muke yi. Mai jifa ya ajiye faifai a inda ƙafarsa take, shi da mai tsaro su faɗi lambar ƙarshe kowa ya ji, a tafi sallah. In an dawo mu kan ɗauke shi kamar hutun da aka nema: kowa ya tsaya, a taɓa faifai, a ɗora ɗaya a kan lambar, kada ta wuce tara. Wannan tsarinmu ne, ba nassin doka ba, don haka in kuna da baƙi ku gaya musu tun kafin a fara. Haka ma in kun ga filin ya yi ƙanƙanta kuna son rage ƙirga zuwa takwas, kamar yadda ake yi a wasu gasannin cikin zaure, kyaftin biyu su amince kafin jifan buɗewa, a kuma tsayar da lambobin da za a koma bayan musu, tunda shida da takwas da tara an yanka su ne a kan ƙirgar goma.